Ƙofar da Baba Kosi Ya Rufe

Zuwa ga Abla, ɗiyar Baba Kosi mai galas, a duk inda Allah Ya ajiye ki.

Gaisuwa mai tarin yawa tare da girmamawa. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki, ina gaida maigida da yara in Allah Ya ba ki. Mahaifinki kuwa ban san irin gaisuwar da zan aika masa ba, ta masu rai ko ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Ni ce Rabi, ɗiyar Inna ungozoma, ta gidan da ke bayan shagonku a Sabon Garin Maradi. Ba ni da lambarki, ban san garin da kike ba, ban ma san sunan da kike amsawa yanzu ba. Shi ya sa na shimfiɗa wasiƙar nan a fili inda kowa zai karanta. Mutanenmu fatake ne, suna shiga Lome da Kutunu kamar yadda muke shiga Jiratawa. Wataƙila a cikinsu wani ya san wata Abla mai jin Hausar Maradi tsab, ya miƙa miki. Akwai labarin da ya wajaba ya isa gidanku. Sai dai ki yi mini haƙuri, dole in bi ta kan abin da na san ba ki son tunawa, domin ni kaina ban taɓa faɗinsa daga farko har ƙarshe ba.

Kin tuna shagon? Ƙofar ƙarfe shuɗiya, benci biyu, fanka mai ƙara kamar za ta faɗo a kan mutane. A bango mahaifinki ya sa aka zana wani tsuntsu baƙi da fari riƙe da galas, abin da 'yan Katsina ke kira askirim. Ke kika gaya mini tsuntsun ƙasar ƙanƙara ne, amma duk unguwa agwagwar Turawa muke ce masa, kuma kin gaji da gyara mana kin bar mu.

A lokacin babu irin shagonku a duk Sabon Gari. Masu ƙanƙarar leda suna nan ko'ina, amma a wurin Baba Kosi kawai ake ja wa inji hannu, galas ya sauko yana murɗewa kamar rawani. Akwai na madara, akwai na mangwaro in lokacinsa ya yi, akwai na kuka wanda shi ya ƙirƙiro da kansa. 'Ya'yan alhazai direba ke kawo su a mota. Mu kuwa mu tsaya a bakin ƙofa muna shan sanyin da ke fitowa.

Mu ne yaran da ke addu'a a ɗauke kuran. In wuta ta tafi ta daɗe, sai mahaifinki ya fito yana share zufa, ya ce, “Ku zo ku taimake ni, kafin ƙasa ta sha.” Sai ki ga yara da kwanoni, da murfin tukunya, wani ma da tafin hannu. Asararsa ce bikinmu, kuma ban taɓa ganin ya ɓata rai ba.

Hausarsa ba ta rarrabe mace da namiji. “Rabi, kai zo ka sha,” haka yake ce mini. Har liman ya taɓa ce wa, “Sannu ki da zuwa.” Ke da aka haifa a nan sai ki rufe fuska don kunya, ni kuwa in yi ta dariya har ki mintsine ni.

Benci ɗaya muke zama a lakwal, makarantarmu ta boko. In an tashi, shago muke wucewa mu yi aikin da mushe, malamin ajinmu, ya ba mu a bayan kanta, ƙafafunmu jingine da babban firigon nan na kwance da ake daskarar da galas a ciki. Inna takan ce, “Abla ɗiyata ce, Allah dai Ya sa ta sauka gidan maƙwabta.” Kin ci tuwonmu fiye da yadda na ci, kin yi azumin rabin yini tare da ni, ni kuma na ci shinkafar bikinku na ƙarshen shekara har cikina ya yi ciwo.

Sai waccan bazarar ta zo. Jita-jita ta cika gari cewa akwai masu gaisawa da namiji su ɗauke masa mazakuta. A kasuwa ake faɗi, a tasha ake faɗi, a fadar samari masu shayi ake faɗi. Kowa ya san wanda ya san wanda abin ya same shi, amma ba wanda ya gani da idonsa. Maza suka koma gaisuwa da hannu a aljihu. Mu yara ba mu gane kan zancen ba, wasa ma muke yi da shi.

Ranar bayan la'asar ne, muna bayan kanta da littattafanmu. Mahaifiyarki ta tafi kasuwa. Muka ji wata hayaniya daga wajen titi, irin ta ranar da sa ya tsinke igiya. Kafin mu miƙe, wani saurayi ya faɗo cikin shagon. Takalminsa ɗaya, rigarsa a yage, jini na zuba daga kunnensa zuwa wuya. Daga baya aka ce ɗan Tsibiri ne, ya kawo itace ya sayar, ya tsaya tambayar hanya, ya miƙa wa wani hannu. Shi ke nan laifinsa. Bai san mu ba, ba mu san shi ba. Ƙofarku ce kawai ya gani a buɗe.

Abin da ya ce shi ne, “Baba, don Allah.” Bai ƙara komai ba.

Na ga fuskar mahaifinki a lokacin. Ya dubi yaron, ya dube mu, ya dubi titi. Zai iya tura shi waje, ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya kama ƙofar ƙarfe da hannu biyu ya ja ta, ya danna sakata sama da ƙasa. Ya ɗauke mu kamar 'yan kaji ya cusa mu a tsakanin firigo da bango, ya ce, “Ko kun ji mi, kada ku fito.”

Duwatsu suka fara sauka a kan kwano. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ana dukan ƙofa da ƙarfe, ana ihu. “A hiddo shi! Ɓarawon maza!” Yaron ya durƙusa a gindin injin galas, fitsari na bin ƙafarsa. Mahaifinki ya manna bakinsa a jikin ƙofa yana magana da su. “Ku kira polis. In ta yi laifi, hukuma ta kama ta. Ba a kashe mutum a shagona.” Wannan karon Hausarsa ba ta ba kowa dariya ba.

Sai wata murya ta ce, “Shi ma nasu ne! Duk bakinsu ɗaya! Wa ya san abin da yake sa wa ɗiyanmu a galas?” Abla, na san muryar. Ke ma kin san ta, don na ji yadda jikinki ya sandare. Mai muryar ya sha zuwa da kwanonsa ranar da aka ɗauke kuran. Ba zan kama sunansa a nan ba, yana da 'ya'ya da ba su yi mini komai ba.

Da bencin fada suka karya ƙofar. Suna ja da baya, su rugo, su ja da baya, su rugo, har bulon da ke riƙe da ita ya tsage. Da ta faɗi, haske ya shigo tare da ƙafafu. Daga inda muke ƙafafu kawai nake gani, da abin da ke hannuwa: gora, ƙarfen mota, taɓarya, guntun bulo.

Mahaifinki ya tsaya a gaban yaron ya ware hannuwa. Gorar farko a damtsensa ta sauka, na ji ƙashin ya yi ƙas kamar karan dawa. Hannun ya saki ya rataye, amma bai matsa ba. Sai wani ya ɗaga bulo ya sauke masa a fuska. Kin buɗe baki za ki yi ihu, na toshe miki da tafin hannuna, kika cije ni har haƙoranki suka nutse. Ban saki ba, ke ma ba ki saki ba.

Ya faɗi gefe, fuskarsa tana kallonmu. Inda idonsa na hagu yake babu komai sai jini. Da ɗaya idon ya gan mu, ya girgiza mana kai a hankali. Suna taka shi suna wucewa.

Yaron ya rungume ƙafar injin. Suka ja shi ta ƙafafu, ya ƙi saki. Sai suka dinga dukan yatsunsa da ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, har suka buɗe da kansu. Injin ya biyo shi ya kife, madarar ciki ta malale a ƙasa ta haɗu da jini, ta gangaro har ƙarƙashin firigo ta jiƙa mana zane. Aka ja shi waje kansa na bugun dokin ƙofa. Muna jin dukan daga ciki. Da farko yana kiran uwarsa, daga baya sai ƙarar dukan kawai ake ji.

Waɗanda suka rage a shago suka hau fasa duk abin da ke fasuwa. Wani ya yayyage fankar, wani ya buɗe firigon da muke bayansa yana dumbuzar galas da hannu yana ci, yana dariya. Sai muka ji ana cewa a kawo taya, a kawo fetur. Warin fetur ya shigo.

A nan ne Inna ta iso. An gaya mata ina ciki, ta fito ba takalmi, zanenta ɗaure a ƙirji. Ta keto taron tana kiran su ɗaya ɗaya da sunayen uwayensu. “Kai, ni na yanke maka cibi! Kai kuma a hannuna ka yi kukan hwari! Ku ƙone ni tukuna, 'yan banza, sannan ku ƙone ɗiyana!” Ta finciko mu daga bayan firigo, ta warware ɗankwalinta ta lulluɓe miki kai. Wani ya ce, “Waccan ɗiyar mai galas ce.” Inna ta juya ta tofa masa yawu a ƙirji, ta ce, “Duka nawa ne. Taɓa ka gani.”

Ta kai mu zaure ta koma, ita da wani tsoho mai gyaran keke, suka jawo mahaifinki ta hammata. Da muke wucewa na hango yaron a tsakiyar titi. Ba a gane fuskarsa. An rataya masa taya, an jiƙe shi da fetur, wani yana ta kyasta ashana tana mutuwa. Sai ga motar jandarma, aka yi harbi sama, taron ya watse kamar ba a taɓa taruwa ba. Mai ashanar da zai gudu ya jefa ta cikin shago. Wannan ta kama.

Jandarmomi suka ɗauki yaron hannu da ƙafa suka jefa a bayan mota. Kansa ya lanƙwashe, bai motsa ba. Kafin magariba duk unguwa ta san ya mutu.

Kin san sauran. Mahaifinki ya kwanta asibiti, ku kuma kuka kwana a ɗakin Inna, an tokare ƙofa da turmi. Da aka sallame shi, maganganu ba su mutu ba a unguwa, sai Inna ta sa aka ɗauke ku a motar masu zogale zuwa Jiratawa, gidan kakana. Na bi ku. Ina tuna shi zaune a bakin hanyar ruwa, hannu a ɗaure da karare, rabin fuska a naɗe, yana kallon masu ban ruwa daga safe har yamma. Kakana yakan kai masa fura ya zauna kusa da shi.

Sau ɗaya na ji ya yi maganar. Inna ce ta ce masa Allah zai ba shi ladan abin da ya yi. Ya ce, “Inna, wane lada? Na rufe ƙofa a banza. Yaro ta mutu, ido ta mutu, shago ta mutu.”

Ke kuwa kin daina magana gaba ɗaya. Na kai ki cikin lambu, na tsinko miki tumatir, na yi miki waƙar lakwal, ko kallona ba ki yi ba. Ranar da za ku tafi na riƙe miki ƙullin kayanki har bakin mota. Kin karɓa, kin dubi tabon haƙoranki a hannuna, kin shiga. Ganina da ke na ƙarshe ke nan.

Bari in gaya miki abin da ya biyo baya. Wanda yaron ya miƙa wa hannu ya yi ihun an sace masa, a kamisariya, ofishin 'yan sanda, aka sa shi ya kwance wando, aka tarar komai na nan. Ya ce ai abin dawowa ya yi. Ya yi aure, ya hayayyafa. An kama wasu samari, ba a daɗe ba aka sako su. Unguwa ta rufe bakinta ruf. A inda shagonku yake yanzu kayan gyaran moto ake sayarwa, yaran da ke wurin ba su san an taɓa shan galas a nan ba. Wasu daga cikin masu gorar sun yi furfura, sun je Makka, suna gaishe ni a hanya. Ina amsawa, don ban san abin da zan yi da bakina ba.

Inna ba ta daina karɓar haihuwa a gidajensu ba. Takan ce, “Jinjiri bai yi mini laihi ba.” Amma har ta koma ga Allah ba ta sake shan ruwa a waɗannan gidajen ba, ko goron suna ba ta karɓa. Ta rasu tana tambayarki.

Ni na gaje ta, sai dai ta hanyar lakwal. Ungozoma ce ni a wani ɗakin haihuwa a Tsibiri. A can ne abin da ya sa na rubuto miki ya faru.

A daminar nan wani dattijo ya kawo 'yarsa a amalanke, naƙuda ta yi mata tsanani. Muka sha wahala, amma Allah Ya sauke ta lafiya, namiji. Na fita in yi masa albishir, na same shi zaune a gindin bedi. Ya ɗaga hannuwa zai yi godiya ga Allah, na ga yatsun duk a karkace suke, kamar saiwar itace. Kunnensa ɗaya a tsage, ƙafarsa ɗaya ya miƙe ta ba ta lanƙwasuwa. Ban kawo komai a raina ba, muna ganin irin haka. Sai abokiyar aikina ta leƙo ta kira ni yadda ta saba, “Rabi 'yar Sabon Gari!”

Dattijon ya sauke hannu. Ya ce, “Malama, Sabon Garin Maradi?” Na ce e. Na juya zan tafi. Sai ya ce, “Rabona da unguwar nan tun ina saurayi. Akwai wani shago mai shuɗiyar ƙohwa.”

Na zauna a ƙasa da fararen kayan aikina. Ya dube ni da kyau, ya ce, “Akwai 'yan mata biyu bayan hirigo. Ɗaya ta toshe wa ɗaya baki.” Na miƙa masa hannuna ya ga tabon.

Abla, shi ne. Sunansa Shaibu. Bai mutu ba.

Ya ce a asibiti ya farfaɗo, bai san tsawon kwanakin da ya yi ba. Da ya fara gane mutane, 'yan'uwansa suka ɗauke shi a ɓoye zuwa wani ƙauye gaba da Tsibiri, don tsoron kada a biyo shi a ƙarasa. Da suka ji ana cewa ya mutu, sai suka bar maganar a haka. Ya daɗe kafin ya taka, ya fi haka daɗewa kafin ya riƙe hauya, amma ya riƙe. Ya yi aure, yana noman hatsi, 'ya'yansa sun girma. Har yau in baƙo ya miƙo masa hannu, sai ya dafe ƙirji ya sunkuyar da kai.

Ya tambaye ni mai shagon. Na gaya masa komai, hannun da idon da wutar, da yadda kuka bar ƙasar. Na gaya masa abin da mahaifinki ya faɗa a Jiratawa. Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin wannan ba. Ya kifa fuska a cikin karkatattun yatsun nan yana cewa, “Ba a banza ba. Wallahi ba a banza ba. Da bai tsare su ba, da jandarma gawa za su tarar.”

Ya ce tun shekarar da ya fara noman kansa, kowace kaka yakan ware dami ɗaya ya bayar sadaka, ya ce Allah Ya kai ladan ga mai shagon galas. Bai san sunansa ba, bai san addininsa ba. Ya ce in gaya masa sunan. Na ce Kosi. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, yana gyara shi a bakinsa don kada ya kuɓuce masa. Sannan aka fito da jinjirin, na ɗora masa shi a hannu.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa ba ƙari: “Ki ce mishi yaron ya rayu. Ki ce mishi ina da ɗiya, yau ga jika. In yana da rai, ko a ina yake zan sai da akuya in tahi in durƙusa gabanshi. In ya riga mu, a nuna mini ɗiyarshi.”

To, ƙawata, na sauke. In Baba yana raye, ki zauna ta gefen idonsa mai gani ki gaya masa a hankali. In kuma ya kwanta dama, ki je inda yake ki faɗa da ƙarfi, da Hausa, zai gane. Ban ce ki yafe wa Sabon Gari ba, ban ce ki dawo ba. Wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Ni dai ina so in ji muryarki, ko da kalma ɗaya ce, ko da faɗa za ki yi mini.

Allah Ya saka wa mahaifinki da abin da ya fi ido da hannu. Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya raya jikan Shaibu, Ya sa ya girma a garin da za a miƙa masa hannu ya karɓa ba tsoro. Ke kuma, Abla, Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya sa muna da rabon ganawa.

Taki har kullum,
Rabi ta Inna,
daga Tsibiri.